Labarin da Bai Zauna Ba

Duk layin Farfesa ake ce masa, alhali ko aji uku na sakandare bai kai ba, kuma babu sunan da ya tsana a duniya kamar wannan. Gyaran rediyo ne sana'arsa. Shagonsa ɗan tsukuku ne tsakanin shagon tela da kantin magani: tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, ƙarfen narka dalma, gwangwanayen madara cike da ƙananan kusoshi, sai rediyoyin da masu su suka manta da su, a jere har rufi. In ka shiga sai ka yi gefe-gefe, in ka fito kuma warin dalma ya biyo ka har gida.

Yana aji biyu mahaifinsa ya rasu, kawunsa ya cire shi daga makaranta ya kai shi wurin wani tsoho mai gyara. Tsohon bai iya koyarwa ba, sai faɗa, amma ya bar masa ƙa'ida ɗaya da bai taɓa sakewa ba: ba a miƙa wa mai rediyo kayansa sai ya yi awa guda cur yana magana a kan tebur. In akwai wata wayar da ba ta kama ba, a cikin wannan awar za ta nuna kanta idan cikin ya ɗauki zafi. Saboda haka shekara da shekaru yana zaune yana murɗa tasha bayan tasha, ba don sha'awa ba, don aiki. Ta haka ya ji abubuwan da mutanen layin ba su taɓa ji ba, kuma Allah ya yi shi da riƙe magana, abin da ya shiga kunnensa ya shiga ke nan.

A ƙofar shagon akwai dogon benci, shi da kansa ya sa kafinta ya yi masa. Da la'asar mutane kan taru, Tela da Direba da Kafinta da wasu, a yi ta hira har rana ta yi sanyi. Shugaban bencin kuwa, ba tare da kowa ya naɗa shi ba, Hedimasta ne, tsohon shugaban makarantar firamare, mutum mai tabarau da murya, wanda rabin layin suka sha bulalarsa suna yara. Bencin yana da tsarinsa. Duk wanda ya kawo labari, idan ya gama sai a dubi Hedimasta. In ya ce “ya zauna,” to labari ya zama gaskiya, kowa na iya kai shi gida. In ya ce “bai zauna ba,” shi ke nan, ko da hujjar da ta fi ƙarfe ƙarfi ka zo, an gama da kai.

Wata rana, shekara ashirin da ɗaya ke nan, yana gwajin wani rediyo da aka kawo masa ya ci karo da shirin kimiyya. Wani malamin jami'a ne ake tambaya. Malamin ya ce duk abin da muke gani, mutum da dutse da ruwa, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Ya ce kowace irin ƙwaya tana da akasinta, nauyinsu ɗaya, amma cajin lantarkinsu ya saɓa. Ana kiran wannan antimata. Idan ƙwaya ta haɗu da akasinta, duka biyun sai su ɓace, su koma haske. Ya ce an taɓa yin abin a ɗakunan bincike, kaɗan ƙwarai, kuma wahalar ita ce inda za a ajiye shi, tunda duk abin da ya taɓa tare za su tafi.

Mai gyara ya ajiye abin da ke hannunsa. Shi da kullum yake fama da waya mai wuta da marar wuta, maganar ta shige shi sosai. Daɗi ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba tun da aka raba shi da makaranta. Ƙagara ya yi la'asar ta yi. Da benci ya cika ya zayyana musu komai, har da hannu yana nunawa, sannan kowa ya juya ya dubi Hedimasta.

Hedimasta ya cire tabarau ya goge, bai yi sauri ba.

“Shekara talatin ina koyarwa,” in ji shi. “Abu uku ne a duniya: daskararre, ruwa, da iska. Ban taɓa ganin na huɗu a littafi ba. To wannan abin naka a wane littafi yake?”

“A rediyo na ji, Malam.”

“Kunna mu ji.”

Ina za a kunna? Shirin ya wuce, rediyo kuwa ba ya barin takarda. Ya tsaya yana kame-kame, ko sunan malamin bai riƙe ba.

“Abin da ba a gani, ba a taɓawa, ba a ajiyewa, kuma in ya zo sai ya ɓace,” in ji Hedimasta. “Ai mu a makaranta wannan ƙarya muke ce masa. Bai zauna ba, Farfesa.”

Direba ya yi dariya har yana dukan cinya. Kafin sati ya zagayo sunan ya kama, kafin shekara kuwa in wani ya shirga ƙarya a layin sai a ce masa, “Kai, labarin Farfesa ne.” Mai karatu na iya cewa wannan ai wasa ne. Ni ban ɗauke shi wasa ba. Mutumin da bai gaji gida ba, bai da takardar makaranta, abin da ya mallaka shi ne in ya ce kaza a yarda, kuma shi ɗin aka ƙwace masa da yamma ɗaya. In ya ce wa mai rediyo injin ya mutu sai a sake sabo, sai mutumin ya ɗauki kayansa ya je ya tambayi wani. Ranar da mota ta bugi bangon kantin magani a gabansa, da aka zo tambayar wanda ya gani, Tela ya ce a nemi wani dai, aka yi dariya aka wuce shi.

Wadda ta fi yi masa ciwo kuwa a gida ta same shi. Matarsa mace ce mai haƙuri, ba ta da yawan magana, amma ta gaji da jin mata suna ce mata matar Farfesa suna ƙunshe dariya. Wata safiya tana ninke kaya, ba ta ko dube shi ba, ta ce, “Malam, tsakaninka da Allah, ka ji abin nan ko dai ka ɗan ƙara gishiri?”

Ya rantse mata. Ta ce ta yarda, amma ya san irin wannan yardar, ta zaman lafiya ce. Daga ranar ya ƙulla Hedimasta a zuciyarsa, ƙulli na gaske. Ba duka yake so ya yi masa ba, ba zagi ba. Abu ɗaya yake so: bakin nan da ya ce “bai zauna ba” ya buɗe, a kan bencin nan, a gaban mutanen nan, ya ce ya zauna.

Bai kori benci daga ƙofarsa ba, kuma mutane sun ɗauka sanyin hali ne. Ba sanyin hali ba ne, so yake abokin gabarsa ya kasance inda idonsa ke ganinsa. Kullum yana gaishe shi da ladabi, har ya karkaɗe masa wurin zama. Yana kuma neman hujja. Ya taɓa samo wata tsohuwar mujalla a wurin masu sayar da takardun ƙunshi, da maganar a ciki baro-baro. Hedimasta ya juya ta ya ce babu bango, babu sunan mawallafi, wa zai yarda da takardar da aka naɗe sabulu da ita? Wani karon ya ji cewa ko ayaba tana fitar da irin wannan ƙwaya jefi-jefi, ya yi kuskuren faɗa. Wata guda Direba yana zuwa da ayaba yana ɗaga ta sama, wai a matsa kada ta ɓatar da mutane.

A shekara ta goma sha biyu matarsa ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Ya yi kuka kamar kowane miji, amma a ƙarƙashin kukan akwai wani abu da bai gaya wa kowa ba: ta tafi ba ta ji an wanke shi ba. Ya ɗora wannan ma a kan Hedimasta.

Zamani ya juya. Rediyo ya ja baya, ya koma gyaran fanka da tocila da cajar waya. Samarin layin kuma suka fara jin sunan antimata, amma a fim suka ji, wai wani makami ne da mugaye ke ɗauka a jaka za su tashi duniya. Wannan ƙara dagula masa lamari ya yi. “Ashe a fim ka gani, Baba Farfesa,” suke ce masa. Da manyan wayoyi suka zo ya sa aka nemo masa bayanin ya miƙa wa Hedimasta. Ko karɓa bai yi ba, ya ce a waya har an nuna akuya tana tuƙa mota. Mutanen benci, waɗanda wasunsu sun fara zargin akwai gaskiya a maganar, suka yi shiru, don babu mai son ya zama Farfesa na biyu.

Sai a shekara ta ashirin da ɗaya Hedimasta ya fara ramewa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, tari ya ƙi ƙarewa. Da bakinsa ya sanar a benci cewa likitoci za su sa shi a wata babbar na'ura ta ɗaukar hoton cikin jiki, ya faɗi sunanta da alfahari, ya ce ba kowane asibiti ke da ita ba.

Mai gyara yana da 'ya ɗaya, ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin daban. Da ta zo gaishe shi ranar hutunta ya tambaye ta wace irin na'ura ce wannan. Ta fara bayani tana wanke masa kofuna, sai ta tsaya ta juyo.

“Baba, ai abin nan naka ne.”

“Wane abu?”

“Antimata. Da shi take aiki.”

Ya sa ta zauna ta maimaita masa tun daga farko, sau biyu. Ta ga yadda fuskarsa ta canza.

“Baba, mutumin nan ba shi da lafiya fa. Don Allah ka bar maganar.”

“Na ji,” ya ce. Ya ji ɗin, amma bai ce zai bari ba.

Bai kai hujjar benci ba, ya riga ya koyi darasi: duk abin da ya fito daga hannunsa ba zai zauna ba. Ya san Hedimasta kamar yunwar cikinsa. Mutum ne da ba zai shiga na'ura ya fito bai tatsi likita da tambaya ba, kuma ba zai iya riƙe abin da ya koya bai yi wa jama'a darasi ba. Saboda haka ya jira. Kwana tara ya yi yana jira, yana aiki yana murmushi shi kaɗai, har Tela ya tambaye shi ko aure zai ƙara.

Ranar da Hedimasta ya dawo benci, da sanda ya zo. Aka yi masa sannu, aka matsa masa. Mai gyara ya kawo masa ruwa da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa yana goge hannu da tsumma.

“Malam, ka ƙarar da mu mana. Mu da ba mu yi karatu ba, yaya na'ura take ganin cikin mutum ba a tsaga shi ba?”

Hedimasta ya gyara zama. Muryarsa ta dushe, amma malami malami ne. Ya ce da farko allura ake yi, wani ruwa mai kama da sukari. Inda ciwon yake ya fi ko'ina cin sukari, sai ruwan ya taru a can.

“To in ya taru, ta yaya na'urar ke sani?”

“Haske yake fitarwa. Ba irin wanda ido ke gani ba. Na'urar zobe ce, tana kama shi ta kowane gefe.”

“Ikon Allah. A cikin mutum kuma ina haske zai samo asali, Malam?”

“Likitan ya yi mini bayani. Ruwan yana sakin wasu ƙananan ƙwayoyi. Da sun fito sai su ci karo da ƙwayoyin jikin mutum, to da sun haɗu…”

Nan ya tsaya. Ya ɗaga kai ya dubi mai gyara, mai gyara ya dube shi. Kafinta, wanda yana wurin shekara ashirin da ɗaya da suka wuce, ya sauke ƙafarsa daga kan ɗaya a hankali.

“Da sun haɗu sai me, Malam?”

“Sai su ɓace. Su koma haske.”

“Duka biyun?”

“Duka biyun.”

“Wannan abin yana da suna kuwa? Ko likitan bai faɗa ba?”

Direba ya ce, “Haba, bar shi mana ya huta.” Mai gyara ko kallonsa bai yi ba. Daɗi yake ji, babu amfanin ɓoyewa. Bai ga tsoho mai ciwo a gabansa ba, mutumin da ya goge tabarau a wancan yammacin yake gani.

“Antimata,” in ji Hedimasta.

“Ban ji ba, Malam, kunnena ya tsufa.”

“Antimata na ce.”

“To labarin da na kawo nan, ya zauna ko bai zauna ba?”

Hedimasta ya dubi kan sandarsa. “Ya zauna,” ya ce.

Babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya tafa. In da a nan aka tsaya, ina jin da mai gyara ya haƙura. Har ya fara tunanin gobe zai raka tsohon asibiti. Amma Hedimasta ya ga kabari ya matso, yana so ya sauke kayansa duka, sai ya ci gaba.

“Tunda an zo nan, bari in ƙarasa. Ba likitan ne ya fara gaya mini ba. Babban ɗana, lokacin yana jami'a, ya zo hutu na ba shi labarinka don ya yi dariya. Bai yi ba. Ya ɗauko littafinsa ya nuna mini shafin.”

“Yaushe ke nan?”

“Shekarar da aka sake wa makaranta rufi. Shekara sha huɗu ke nan.”

Mai gyara bai iya lissafin boko sosai ba, amma wannan bai ɗauke shi lokaci ba. Shekara tara da rasuwar matarsa. Shekara biyar ke nan tana da rai, tana wucewa ta gaban bencin nan tana gaishe da wannan mutumin, shi kuma ya sani. Ya sani ranar mujallar. Ya sani watan da ake ɗaga ayaba. Ya zo ta'aziyya ya zauna a tabarma ya yi addu'a, da sanin a cikinsa.

“Me ya hana ka faɗa?” Muryarsa ba ta tashi ba.

“Kunya. Kullum in ce gobe. Da ya yi nisa kuma sai na ga ya fi ƙarfina.” Hedimasta ya cire tabarau, idanunsa sun kawo ruwa. “Jibi za su kwantar da ni. Likitan bai ɓoye mini ba, abin ya bazu. Na cuce ka, a gaban mutanen nan na yi, a gabansu nake roƙo. Ka yafe mini.”

Duk bencin ya juyo yana kallon mai gyara. Wannan ne karo na farko cikin shekara ashirin da ɗaya da suke jiran abin da zai fito daga bakinsa. Tela ya ce a hankali, “Ka yafe, ɗan'uwa, duniyar nawa take.” Kafinta ya gyaɗa kai. Kalma biyu ce kawai, kuma ya san kowa a layin zai yaba masa in ya faɗe ta. Ya neme ta a cikin ransa da gaske, bai same ta ba. In ya faɗa, ƙarya zai yi, shi kuwa bai taɓa yi wa bencin nan ƙarya ba.

Ya ninke tsumman hannunsa ya ajiye a kan tebur.

“Malam, shekara sha huɗu ka ɗauka kafin ka faɗi taka,” ya ce. “Ni ma ka ba ni lokaci.”

Hedimasta ya dube shi. Su biyun sun san nawa ne lokacin da ya rage. Ya lalubi sandarsa, Direba ya kama shi ya miƙe, suka bi layin a hankali. Sauran suka tashi ɗaya bayan ɗaya, babu sallama.

Kwana ashirin da shida Hedimasta ya ƙara a duniya. Sau biyu ɗansa yana zuwa shagon da saƙon neman gafara, sau biyu yana samun mai gyara a kan aiki, ya karɓe shi da mutunci, ya tambayi jikin Malam, ya ce a gaishe shi. Ɗan yakan tsaya jim kaɗan a bakin ƙofa ko akwai ƙari, sannan ya tafi.